Zanen barkwanci kan ɗiban soja na dole a Amurka

Zanen barkwanci kan ɗiban soja na dole wani nau'in zane ne da jaridu da mujallu ke bugawa lokacin yaƙi, mai zane ya caccaki gwamnati kan yadda take kwasar samari zuwa fagen daga ko suna so ko ba sa so, da yadda kullum ake ƙara tura sojoji ana cewa nasara ta kusa. A Amurka abin ya daɗe. Tun yaƙin basasarsu dokar 1863 ta ba mutum damar ya biya dala 300 a ƙyale shi, wato mai kuɗi ya kwanta gida ɗan talaka ya tafi, har tarzoma ta ɓarke a New York a watan Yulin shekarar, kuma wannan rashin adalcin ne masu zane suka yi ta komawa kansa.

Inda abin ya fi zafi shi ne yaƙin duniya na ɗaya, a wata mujallar 'yan gurguzu mai suna The Masses. A 1916 Robert Minor ya zana wani ƙato, ƙirji kamar bango, damtse murɗe-murɗe, amma fa babu kai a wuyansa, ga likitan soja ɗan tsurut a gefe yana murna wai yau ya samu cikakken soja. Gaskiya zanen nan ko yanzu mutum ya kalla sai jikinsa ya yi sanyi. Da aka kafa dokar ɗiban soja a watan Mayun 1917 sai Henry Glintenkamp ya zana ƙwarangwal yana auna tsawon wani saurayi tsirara, akwatunan gawa na jira a baya. Gwamnati ba ta ɗauki irin waɗannan zane-zanen da wasa ba, gidan waya ya ƙi ɗaukar fitowar watan Agustan 1917, mujallar ta durƙushe, a 1918 aka gurfanar da editocinta da mai zane Art Young bisa zargin hana ɗiban soja. Sau biyu ana shari'a masu taya alƙali yanke hukunci suna kasa haɗa baki.

A yaƙin Vietnam maganar ta koma kan yawan sojoji, daga wajen 184,000 a ƙarshen 1965 zuwa sama da 500,000 a 1968, ɗaliban jami'a na samun ɗagin ƙafa, 'ya'yan marasa hali kuwa sai tafiya. Shugaba Lyndon Johnson ya taɓa ɗaga riga ya nuna wa 'yan jarida tabon tiyatar da aka yi masa, sai David Levine a 1966 ya zana shi haka ɗin, amma tabon ya zama taswirar Vietnam a cikinsa. A 1969 aka koma jefa ƙuri'a da ranar haihuwa, wanda ranarsa ta fito da wuri shi za a fara kira, sai a 1973 aka daina ɗiban dolen.