Shiga rauta da katangar tsaro ta atomatik

Shiga ta atomatik hanya ce da masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ke bi don manhaja ta shiga rauta (na'urar da ke kai bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa) ko katangar tsaro (na'urar da ke tace bayanan da ke shiga da fita) da kanta, ta ba da sunan mai amfani da kalmar sirri, ta aika umarni, ta kwaso amsa. An fi amfani da ita wajen kwafe saitin na'urori kowane dare, da kuma yin sauyi iri ɗaya a kan ɗaruruwan na'urori.

Tushen aikin shi ne manhajar Expect, wanda Don Libes ya ƙirƙira a 1990 a cibiyar NIST ta Amurka, bisa harshen Tcl. Expect yana jiran wani rubutu ya bayyana, misali “Password:”, sannan ya aika amsa. A kansa aka gina clogin, manhajar da RANCID (tsarin kwafe saitin na'urori) ke shiga na'urorin Cisco da ita, da jlogin na Juniper. Daga baya Netmiko ya zo a harshen Python, yana bi ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa mai ɓoye bayanai, a tasha (port) ta 22. Telnet, tsohuwar hanyar shiga mai tasha ta 23, yana aika kalmar sirri a buɗe, don haka bai kamata a ci gaba da amfani da shi ba.

Wahalar tana wajen gane alamar da na'ura ke nunawa idan ta shirya karɓar umarni. A Cisco IOS, manhajar da ke gudanar da rautocin Cisco, alamar tana ƙarewa da >, bayan umarnin enable da kalmar sirri ta biyu sai ta koma #. Idan saƙon gargaɗin da ke fitowa a farkon shiga yana ɗauke da ɗaya daga cikin alamomin nan, manhajar kan ɗauka ta riga ta shiga, ta fara zuba umarni a gurbin kalmar sirri. Maganinsa a cire su daga saƙon. Haka kuma na'ura kan tsayar da doguwar amsa a “--More--” tana jiran a danna maɓalli, manhajar kuwa ta yi ta jira har lokaci ya ƙare, wanda a Expect daƙiƙa 10 ne idan ba a canza ba. Shi ya sa umarnin farko yakan zama “terminal length 0” a IOS, ko “terminal pager 0” a katangar ASA ta Cisco.

Tsofaffin na'urori suna da tasu matsalar. Tun fitowar manhajar SSH ta OpenSSH 8.8 a 2021 aka kashe sa hannun ssh-rsa mai SHA-1, tsohuwar hanyar tantancewa da wasunsu ke dogara da ita, sai an kunna shi da gangan, kuma ya fi kyau a kunna wa na'urar da ke buƙata kaɗai.

Ajiyar kalmar sirri ce ta fi haɗari. clogin yana karanta ta a fayil ɗin .cloginrc ba tare da ɓoyewa ba, don haka ake ba fayil ɗin izini 600, wato mai shi kaɗai ke iya karantawa da rubutawa, kuma clogin ba ya aiki idan wasu na iya karanta shi. Layin farko a fayil ɗin da ya dace da sunan na'ura shi clogin yake ɗauka, saboda haka keɓantattun layuka su zo kafin na gama-gari. Abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe wa manhajar asusunta na daban a sabar TACACS+ mai tantance masu shiga na'urori, a taƙaita mata umarnin da za ta iya bayarwa, sannan na'urori su karɓi shigarta daga adireshi ɗaya kawai.