Mawaƙa da siyasa a Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Shin shigar mawaƙa siyasa sabon abu ne?

Ko kusa. Tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950 ake gwabza siyasar Arewa da waƙa. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da rubutacciyar waƙa ya ja kunnen sarakuna da 'yan boko kan makomar Arewa. Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suna ɓangaren NEPU, ita ma NPC tana da nata. Masu iya karanta jarida a lokacin kaɗan ne, amma baiti in ya shiga kunne, har mai daka a tsakar gida sai ta riƙa rera shi.

Me ya sa ake yawan ambaton Kaduna a wannan batu?

Saboda nan ce hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa, nan Firimiya Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, nan kuma aka buɗe gidan rediyo a 1962. Muryar da ta fita daga Rediyon Kaduna takan kai har Nijar da Kamaru. Ta nan mutanen ƙauyuka da yawa suka saba da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. 'Yan wasan kwaikwayo ma ba a bar su a baya ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya kai rayuwar bariki ɗakunan farar hula, a ƙasar da soja ya daɗe yana mulki.

Laifi ne mawaƙi ya karɓi kuɗin ɗan takara?

A ganina ba laifi ba ne. Waƙa sana'a ce: akwai kuɗin sitidiyo, akwai makaɗa da 'yan amshi, ga iyali. Mawaƙin Hausa da ubangida ya taso. Abin da ke damuna shi ne shirun bayan zaɓe. Lokacin kamfe za ka ga mota ɗauke da lasifika tana zagaya Kawo da Tudun Wada da Rigasa, waƙa na tashi, yara na bin ta da gudu suna amshi. Wanda ya sa waɗannan unguwanni suka so mutum, shi ya fi cancanta ya dawo ya tambaya a waƙe: ina ruwan famfo, ina albashin malamai? Kaɗan ne ke dawowa.

To, ina iyaka?

Zambo da habaici tsofaffin makamai ne, kuma ɗan siyasar da ya ci amana ya cancanci a yi masa su. Amma Kaduna ba ta manta rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 ba. Waɗannan rikice-rikice suka raba garin, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. A irin wannan gari, waƙar da ta bar ɗan takara ta koma kan addininsa ko ƙabilarsa tana iya jawo asarar rai. Yanzu kuma ba sai ta bi ta hannun ma'aikacin rediyo ya tace ba: daga sitidiyo sai WhatsApp da TikTok, kafin magariba ta shiga wayar masu Keke Napep.

Ya kamata gwamnati ta hana waƙar siyasa?

A'a. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma in aka fara hanawa, bakin mawaƙin adawa za a fara rufewa. Wanda ya tunzura jama'a, kotu na nan.