Mai Kwaikwayo da Mai Harbi a Gem Ɗaya: Wa Zai Kauce wa Wa?

Wanda ya goge a PUBG ko Free Fire yakan sha mamaki ranar da ya fara shiga sabar kwaikwayo ta GTA, wato dandalin intanet da 'yan wasa ke haɗuwa su yi wasa tare a ƙarƙashin dokokinsa. Ya hango mutum tsaye a bakin titi, ya ɗirka masa harsashi kamar yadda ya saba, kafin ya ankara admin, mai kula da sabar, ya yi waje da shi. Rigimar da ke bayan wannan kora ta girmi da yawa daga masu buga gem na yau, kuma har yanzu ba a raba gardamar ba.

Su wane ne masu kwaikwayo a cikin gem?

'Yan wasa ne da ba cin maki ko ƙetare mataki ne ya kawo su ba. Kowa yakan ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya ba shi asali da sana'a da hali, sannan ya riƙa magana da aiki kamar shi ne. A tsakaninsu RP suke ce wa abin. A sabobin GTA V da ke gudana a kan manhajar FiveM, wadda ke ba mutane damar buɗe sabarsu ta kansu, za ka tarar da direban tasi, da makanike, da lauya, da ɗan sandan da zai tsayar da kai ya ci tararka don ka wuce jar danja, kuma kowannensu mutum ne na gaske zaune a ɗakinsa da makirfo a baki. A World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, da rubutu ake yi. Sai ka ga mutum goma sun zauna a masauki awa biyu suna tattauna yaƙin da babu shi a tsarin gem ɗin, su suka ƙaga abinsu.

Babban abin da ya raba su da sauran shi ne mai kwaikwayo yana yarda a ci shi. A kama jaruminsa, a kai shi kotu, a ɗaure shi, ya kashe kwamfuta yana murna domin labari ya yi armashi.

To me ke haɗa su faɗa da sauran 'yan wasa?

Fili ɗaya, buƙatu daban-daban. Richard Bartle, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka gina wasan MUD na farko, gem ɗin rubutu da mutane da yawa ke bugawa tare, a Jami'ar Essex da ke Ingila, ya rubuta a 1996 cewa 'yan wasa kashi huɗu ne: masu neman nasara, masu yawon gano lunguna, masu neman hulɗa da jama'a, da masu jin daɗin murƙushe wasu. Duk kuɗi ɗaya suka biya, kowa kuma gani yake shi ne ya fahimci abin da aka yi gem ɗin dominsa.

Sai dai ƙarfin ɓarnar ba ɗaya ba ne, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Kamar yara ne a tsakar gida, wasu na tuƙa tuwon ƙasa, wani na buga ƙwallo: mai ƙwallo da shuri ɗaya zai watsa girkin yini guda, masu tuwo kuwa ba su da yadda za su ɓata masa ƙwallonsa. Mutum ashirin sun yi mako suna shirya bikin aure a cikin gem, wani ya zo a kan dabbar hawa mai girman ɗaki ya tsaya a kan ango da amarya, ko ya cika akwatin hira da shirme har maganar mai ɗaurin aure ta ɓace. Bai yi asarar komai ba, minti biyu kawai ya kashe.

Tunda gem ɗin ya ba ni bindiga, kuma ya bar ni na harba, ina laifina?

Wannan ita ce hujjar da ta fi tsufa, kuma ba a banza take ba. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya bar kowa ya kashe kowa a wajen gari, ya kuma kwashe kayansa. Makasan suka addabi masu haƙar ma'adinai da 'yan kasuwa da masu kwaikwayo, har mutane suka riƙa barin gem ɗin. A shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu: Felucca, inda tsohuwar doka ta ci gaba, da Trammel, inda ba a taɓa ka sai da yardarka. Akasarin jama'a suka kwarara Trammel. Makasan suka wayi gari da filin da suke ta kare 'yancinsa, amma babu wanda za su farauta sai junansu.

Misalin da aka fi kawowa kuwa ya faru ne a World of Warcraft a 2006. Wata 'yar wasa ta rasu a zahiri, abokanta na cikin gem suka sanar cewa za su taru don tunawa da ita a yankin Winterspring, a sabar Illidan. Sabar ta yaƙi ce tsakanin 'yan wasa, yankin kuma na kowa ne, ɓangarorin biyu na iya kai wa juna hari a can. Wata ƙungiya ta ɓangaren abokan gaba mai suna Serenity Now ta afka wa taron ana tsaye a layi, ta karkashe masu makokin, ta ɗauki bidiyo ta saka a intanet. Masu kare su suka ce: ku kuka zaɓi sabar yaƙi, ku kuka faɗi wuri da lokaci. Ta fuskar doka ba su karya komai ba.

Ni dai ina ganin sun yi abin kunya, kuma bidiyon nasu ne shaida. Ba ganima suka je nema ba, ba su kuma je gwada ƙarfi da mayaƙa ba. Abin da ya ba su daɗi shi ne sanin cewa mutanen da ke bayan allon suna cikin baƙin ciki na gaske. Duk da haka, masu shirya taron su ma sun yi sakaci, don akwai wurare a gem ɗin da ba a iya kai hari.

Waɗanne dokoki ne sababbin shiga suka fi takawa a sabar kwaikwayo?

Na farko shi ne kisa ba dalili, wanda suke taƙaitawa da RDM, da ƙaninsa VDM, wato banke mutane da mota haka kawai. Ba a hana kisa ba. Abin da ake so shi ne ya zama yana da asali a labari: an yi cacar baki, an yi barazana, an ci bashi an hana. Wanda za a harba ya san dalili.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne amfani da labarin da kai ka sani amma jaruminka bai sani ba. Ka gani a manhajar hira ta Discord, ko a bidiyon wani da ke watsa wasansa kai tsaye, cewa 'yan fashi sun ɓoye a wani gareji, sai ga jaruminka ɗan sanda ya nufi garejin kai tsaye. Wa ya gaya masa? Babu. Wannan kora ce a kusan kowace saba, ko da mai laifin ya rantse cewa sa'a ce.

Akwai kuma tilasta wa wani sakamako. A kwaikwayon rubutu ba a cewa "na kai masa naushi ya faɗi sumamme", sai dai "na kai masa naushi", a bar mai jiki ya faɗi ko ya same shi. Sannan dole jarumi ya ji tsoron mutuwa: mutum uku sun ɗora maka bindiga a ka, ba za ka zaro taka kana dariya ba don ka san za ka farfaɗo a asibiti. Idan ka farfaɗo ɗin ma, sabobi da yawa na cewa ka manta abin da ya kai ka can, ba komawa ɗaukar fansa. Kashe gem ana tsakiyar kama ka shi ma laifi ne, kuma a nan ne mai raunin netwok ko wanda aka ɗauke wa wuta ke shan zargi. Idan hakan ta same ka, ka yi maza ka sanar da admin da waɗanda kuke wasan tare, ka dawo inda aka tsaya.

Ta yaya zan gane ko mutum da bakinsa yake magana ko da bakin jaruminsa?

A rubutu, al'adar ita ce a sa maganar zahiri cikin baka biyu a ninke, kamar haka: ((ina zuwa, ana kirana)). Duk abin da ba ya cikin baka na jarumi ne. A sabobin murya akan ware wata kafa daban don maganar zahiri, wasu kuma sun hana fita daga rigar jarumi gaba ɗaya sai an gama abin da ake ciki, ko da an yi maka ba daidai ba. Sai ka ƙarasa, sannan ka kai ƙara.

Su masu kwaikwayon ba su da nasu laifin?

Suna da shi, kuma laifi tudu ne. Wasu kan mamaye dandalin gari a sabar da ba ta kwaikwayo ba, wurin da kowa ke bi ya je banki ko kasuwa, sannan su yi fushi don wani ya ratsa ta tsakiyarsu. Wanda ya ratsa bai ma san ana wani abu ba. Wasu kan raina sabon shiga don tarihin jaruminsa bai burge su ba ko Turancinsa bai nuna ba, maimakon su nuna masa hanya.

Mafi muni shi ne masu fakewa da jarumi. Mutum ya zagi wani da ƙabilarsa, ko ya matsa wa mace da maganar banza, in an yi magana ya ce ai jarumina ne mugu, ba ni ba. Mugun jarumi abu ne mai kyau a labari, amma sai wanda ake yi wa muguntar ya amince da wasan. Ƙauyen Goldshire a sabar Moon Guard ta World of Warcraft ya yi ƙaurin suna da kwaikwayon batsa a bainar jama'a, alhali wuri ne da sababbin 'yan wasa, har da yara, ke bi a matakan farko. A 2010 Blizzard ta sanar cewa ma'aikatanta za su riƙa sintiri a wurin. Masu kwaikwayo na kirki sun daɗe suna biyan bashin wannan suna, don duk mai son ya yi musu ba'a da Goldshire yake farawa.

Shin watsa wasa kai tsaye ya gyara lamarin ko ya ƙara dagula shi?

Ya kawo jama'a, ya kawo fitina. Sabar kwaikwayo ta GTA V mai suna NoPixel ta yi tashe a Twitch, shafin watsa wasa kai tsaye, a 2019, ta sake bunƙasa a farkon 2021, kuma babbar sabarta sai ka rubuta takardar neman shiga an tantance ka. Da manyan masu watsa wasa suka shigo da dubban 'yan kallo, sai aka samu sabon ɓangare a rigimar: magoya baya. A kama jarumin gwaninsu a cikin gem, su kwasa su je shafin wanda ya fito a ɗan sanda su yi masa ruwan zagi, kamar da gaske ya zalunci wani. An dakatar da xQc, ɗan ƙasar Kanada da a lokacin yake cikin waɗanda suka fi tara 'yan kallo a Twitch, sau da dama daga NoPixel a 2021. A ɗaya gefen kuma ƙananan 'yan wasa na ƙorafin cewa ana ɗaga wa masu suna ƙafa, domin su ke jawo wa saba kasuwa.

Me kamfanonin gem suka yi a kai?

Galibi raba fili. Blizzard ta ware sabobin kwaikwayo, irin su Argent Dawn a Turai da Moon Guard da Wyrmrest Accord a Amurka, inda ake iya kai ƙarar sunan jarumi idan bai dace da duniyar ba. A 2018 ta mayar da yaƙi tsakanin 'yan wasa a fili abin zaɓi, wanda ya so ya kunna, wanda bai so ba ya kashe. Final Fantasy XIV ba ta ware saba a hukumance ba, jama'a ne da kansu suka mayar da sabobin Balmung da Mateus matattara, amma akwai alamar da mutum ke sa wa sunansa don a san yana cikin kwaikwayo, kuma tun 2024 wanda ka toshe yana ɓacewa daga allonka. Rockstar mai GTA kuwa, wadda a 2015 ta toshe asusun wasu masu hannu a FiveM, a watan Agustan 2023 ta sayi Cfx.re, ƙungiyar da ke gina manhajar.

Duk da haka hukuncin yau da kullum yana hannun admin na kowace saba, yawancinsu 'yan sa-kai, wasu adalai, wasu kuma 'yan son kai da ke kare abokansu.

Idan na ci karo da masu kwaikwayo, ko kuma ni aka ɓata wa wasa, me ya kamata in yi?

Duba inda kake tukuna. Idan sabar kwaikwayo ce, kai ne baƙo: karanta dokokinta kafin ka shiga, ka tsaya gefe ka ga yadda ake yi, in kana son shiga labarin wasu ka tura wa ɗaya daga cikinsu saƙon sirri ka tambaya. Idan sabar kowa da kowa ce, ba wanda zai tilasta maka yin kwaikwayo, abin da ake nema kawai ka zagaya ka wuce. Su kuma masu taron su nemi gida ko lungun da ba hanyar mutane ba.

Idan kai aka shigo wa, kada ka biye masa. Mai ɓata wasa fushinka yake nema, kuma zagin da ka mayar zai iya sa a kore ku tare. Ka bar manhajar ɗaukar allo a kunne duk lokacin da kake wasa, domin admin ba ya hukunci da "ya ce, na ce". Ka yanko wurin daga 'yan mintoci kafin abin ya faru, ka rubuta lokaci da suna ko lambar ɗan wasan, ka tura ta hanyar kai ƙara da sabar ta tanada.