Waiwaye: Tarihin Shafin "Abubuwan da ke Ciki" a Mujallun Waƙa

Ka tsaya gaban mai sayar da jaridu ka lura da wanda ya ɗauki mujalla. Zai kalli bango, ya ɗaga shafi ɗaya ko biyu, ya zura ido yana neman sunan mawaƙin da yake so. In ya gani ya laluba aljihu, in bai gani ba ya ajiye. Saboda wannan mutumin aka ƙirƙiro kusan duk ƙa'idojin shafin abubuwan da ke ciki.

Da farko shafin ba shi da wani muhimmanci. Mujallar Melody Maker da ta fara fita a Landan a 1926, da New Musical Express (NME) da ta biyo baya a 1952, sun daɗe suna fitowa mako-mako da siffar jarida, a kan takarda mai araha wadda tawadarta ke ɓata yatsu. Da siffar jarida Rolling Stone ma ta fara a Amurka a 1967. Jarida ba ta da kaurin da mai karatu zai ɓace a cikinta.

Takarda mai sheƙi da hoto mai launi ne suka sauya lamarin. Nick Logan ya kafa Smash Hits a 1978, sannan The Face a 1980, kuma a The Face ne Neville Brody ya riƙe tsara shafuka daga 1981 zuwa 1986. Brody ya yi wani gwaji da har yau ake koyarwa: ya ɗauki kalmar da ke saman shafin, wadda ke nufin abubuwan da ke ciki, ya riƙa zaftare haruffanta fitowa bayan fitowa, har ta koma zane da ba ya karantuwa. Masu karatu ba su ɓata ba. Sun san shafin da mazauninsa da kuma jerin lambobinsa, kamar yadda mutum ke gane ƙofar gidansu cikin duhu.

Mujallar Q, wadda Mark Ellen da David Hepworth suka kafa a 1986, ita ta daidaita tsarin da aka fi kwaikwayo. A zamaninta tana fitowa wata-wata, tana da kauri, masu sayenta manya ne da ke tara faifai. Sai ta kasa shafin gida-gida: manyan hirarraki a jeri ɗaya, filayen da ake yi kowane wata a ƙasansu, sharhin sababbin faifai a akwatinsa daban. Babban hoto guda ya mamaye sauran wurin, da lambar shafinsa a kusurwa. Lambobi da launi, sunan mawaƙi da haruffa masu kauri, bayani layi ɗaya da ƙananan haruffa. Launi biyu ko uku kawai, kuma daga tambarin bango ake ɗauko su: ja da fari a Q.

An sami masu bijirewa. David Carson, mai tsara shafukan mujallar Ray Gun, wadda ta fito a 1992, ya taɓa buga hirar mawaƙi Bryan Ferry gaba ɗaya da haruffan alamomi don hirar ta gundure shi. Ya yi suna da hakan, amma ni ban ga adalci ba ga wanda ya biya kuɗinsa domin ya karanta.

Abin da ya fi burge ni ƙarami ne, kuma NME ce ta yi shi a shekarun 2000. A gefen hagu na shafin akwai siririn jeri daga sama har ƙasa: sunan kowace ƙungiyar mawaƙa da aka ambata a fitowar, bisa tsarin abacada, da lambar shafinta. Ƙungiyar da ta cika filin wasa da wadda ba ta wuce ƙaramin zaure ba, haruffansu girma ɗaya. Yaro mai 'yan kuɗi kaɗan zai bi jerin da yatsa, ya ga sunan gwanayensa, ya buɗe shafin tun yana tsaye.

Intanet ta karɓe wannan aiki, domin akwatin bincike ya fi kowane jeri sauri. NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a watan Maris na 2018, Q kuma ta rufe a 2020. Mojo, wadda ta fara a 1993, tana nan tana fitowa, da jerinta da lambobinta a shafukan farko.