Ka gyara manhajar da ba taka ba: dole ne ka mayar wa masu ita?

Da yawa daga masu rubuta manhaja sun ɗauka cewa duk wanda ya ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutunta a fili don kowa ya duba ya gyara, ya yi mata gyara, wajibi ne ya aika gyaran ga waɗanda suka ƙirƙire ta. Ba haka abin yake ba. Ko GPL, lasisin buɗaɗɗiyar manhaja da ake yi wa kallon mai tsauri, bai ce haka ba.

Richard Stallman ne ya fitar da GPL a 1989, zubi na biyu ya biyo baya a 1991, na uku a 2007. Sharaɗinsa yana hawa kanka ne ranar da ka raba wa wasu manhajar da ka gyara, kyauta ko da kuɗi. A na biyun, wanda Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ke kansa, sai ka haɗa musu da ainihin rubutun manhajar, ko ka ba su rubutaccen alkawarin da zai yi aiki aƙalla shekara uku cewa za ka bayar idan an nema. Sai kuma ka nuna a fayilolin da ka taɓa cewa ka canza su, da ranar da ka yi hakan, ka kuma bar su a ƙarƙashin lasisin da ka same su. Wanda ya karɓa daga hannunka shi ke bin ka bashi, ba wanda ya fara aikin ba. Idan kuwa a cikin ofishinka kaɗai kake amfani da ita, babu mai bin ka komai. Lasisin MIT da BSD ma sun fi sassauci: ka bar sunan masu haƙƙi da rubutun lasisin, shi ke nan.

To me ya sa 'yan sa kai ke ta aika gyara? Saboda gyaran da ka riƙe, kai za ka yi ta dawainiya da shi. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubi, sai ka sake ɗora gyaranka a kai, wata rana ya zauna, wata rana ya ƙi. Idan ya shiga uwar manhajar kuwa, nauyin ya koma kan kowa.

Inda doka ke shigowa sosai shi ne lokacin aikawar, kuma nan ne mutane ba sa karantawa. Gyaran da ka rubuta naka ne, haƙƙin mallakarsa na hannunka. Masu kula da aikin ba za su iya saka shi su raba wa duniya ba sai da izininka, kuma sai sun tabbatar ba na wani ka ɗauko ba. Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko ta samo asali ne daga rigima. A 2003 kamfanin SCO na Amurka ya kai IBM kotu, yana iƙirarin an zuba rubutun Unix, wata tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, a cikin Linux ba da izini ba. Sai a 2004 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya kawo wata gajeriyar shaidar asalin gyara da ake kira DCO. Babu takarda, babu lauya. Idan za ka ajiye gyaranka a Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, sai ka rubuta git commit -s, sai wani layi ya fito a ƙasan bayanin gyaran, wanda ya fara da Signed-off-by, sunanka da adireshin imel ɗinka na biye. Layi ɗaya ne, amma da shi ka shaida cewa kai ka rubuta gyaran kuma kana da ikon bayar da shi a ƙarƙashin lasisin aikin, ko ka gina shi a kan aikin da lasisinsa ya yarda da hakan, ko wani da ya yi irin wannan shaidar ne ya miƙa maka ba ka canza ba. Ka kuma amince cewa sunanka da imel ɗin za su zauna a bainar jama'a har illa masha Allahu. Ba a gogewa.

Batun "kana da iko" ɗin nan shi ke kama ma'aikata. A Amurka da ƙasashe da dama, abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na kamfani ne. Idan a kwamfutar ofis, a lokacin aiki ka yi gyaran, ka tambayi mai gidanka kafin ka sa hannu.

Hanya ta biyu ita ce CLA, yarjejeniyar izini ta mai ba da gudummawa, wadda gidauniyar Apache da Google da wasu ke nema. Wannan cikakkiyar yarjejeniya ce, kuma kowane aiki da irin tasa. Galibi haƙƙin mallaka na nan a hannunka, amma ka ba su izini mai faɗi wanda ba ka iya janyewa, wani lokaci har da damar sake wa aikin lasisi. A ganina ɗan sa kai ya kamata ya tsaya a nan ya duba wa yake ba wannan izinin. Gidauniya daban, kamfani mai neman riba daban. A Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya ɗauke manhajarsa Terraform daga buɗaɗɗen lasisin MPL ya mayar da ita kan lasisin BUSL, wanda ya hana masu gogayya da kamfanin yin kasuwanci da ita. Mutanen da suka ba da gudummawa kyauta ba su da ta cewa, sai dai suka ɗauki zubin ƙarshe na tsohon lasisin suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin gidauniyar Linux. A Linux kansa irin wannan juyin zai yi wuya ƙwarai, domin haƙƙin ya warwatsu a hannun dubban mutane, sai an bi su an nemi yardarsu.

Akwai ma waɗanda ke neman ka miƙa haƙƙin gaba ɗaya, kamar yadda gidauniyar FSF ta daɗe tana yi a wasu ayyukan GNU, shirin manhajoji da Stallman ya kafa, da hujjar cewa ta fi iya kare lasisin a kotu. Masu kula da GCC, ɗaya daga manhajojin GNU, sun sassauta wannan a 2021, suka fara karɓar DCO.

Idan aikin bai ambaci ko ɗaya ba fa? Sashe na 5 na lasisin Apache 2.0 ya ce gyaran da ka aika yana shiga ne a kan sharuɗɗan lasisin, sai dai in ka faɗi akasin haka, kuma ƙa'idojin GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, su ma sun tanadi makamancin wannan. Yawanci za ka ga wanda aikin ke bi a fayil ɗin CONTRIBUTING, kusa da na LICENSE.