Yaron da ya tsallako iyaka shi kaɗai: wa doka ta ce ya riƙe shi?

Duk mai zuwa tashar mota a Daura ya taɓa ganin irinsu: yaro ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, ya shigo ta Kwangwalam daga ɓangaren Damagaram, babu uwa babu uba, wanda ya ɗauko shi ya sulale. Haka abin yake a Jibiya, ta hanyar Maraɗi. Sai wani bawan Allah ya ji tausayi ya kai shi gida. Niyya mai kyau ce, amma doka tana da nata tsarin.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ba ta bambanta yaron gida da baƙo ba. Sashe na 20 ya ce duk yaron da ya rabu da danginsa, nauyin samar masa wurin zama yana kan hukuma. Ya lissafa hanyoyi: riƙo a hannun wani iyali, kafala irin ta shari'ar Musulunci (da sunanta aka ambace ta), tabanni (wato mayar da ɗan wani naka a hukumance) a inda aka yarda da shi, sai gidan marayu idan ya zama dole. Ya kuma ce a duba addinin yaron da harshensa. A nan mun yi sa'a, yaron Matamaye da ke Nijar ba zai nemi tafinta a Daura ba.

Kafin komai, neman iyaye ne farko. Wanda ya tsinci yaro ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, su miƙa maganar ga ofishin jin daɗin jama'a. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta sa riƙo a hannun kotu: ita ke ba da izini bayan jami'ai sun binciki gidan. Jihar Katsina ma ta yi tata dokar kare yara a 2020.

Riƙo ba mallaka ba ne. Ɗan riƙo yana nan da sunan mahaifinsa, ba ya gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Ranar da danginsa suka bayyana aka tabbatar su ne, kuma komawar ba za ta cutar da shi ba, sai a mayar musu.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne a ɗauko yarinya da sunan taimako, ta koma mai wanke-wanke da talla, babu makaranta. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikatau, kuma hukuncinsa ɗauri ne, ko da uwar ce da kanta ta kawo ta.