Waiwaye: Zumuncin Tsofaffin Ɗaliban Jami'a a Tsakanin Hausawan Sudan

A ranar da ma'ajin ƙungiyarmu ya bar Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan, saboda yaƙi, cikin watan Disamba na 2023, abin da ya fara cusawa a jakarsa bayan takardun shaidar karatunsa shi ne wani littafi mai baƙin bango, wanda gefunansa suka lanƙwashe saboda yawan buɗewa. A cikinsa ne aka rubuta sunan duk wanda ya gama jami'a daga unguwanninmu, da sunan mahaifinsa, da fannin da ya karanta, da shekarar da ya fita, wadda a nan muke kira dufa'a, sannan da ƙauyen da danginsa suke. Mutane da yawa sun ɗauka cewa irin wannan ƙungiya baƙon abu ne da wayar hannu ta kawo mana, alhali kuwa tushenta a Sudan ya haura shekara ɗari, ko da yake mu Hausawa mun makara wajen shigarta.

Kalmar hirrijin, wato waɗanda suka sauke karatun zamani, tana da nauyi a kunnen mutumin Sudan fiye da yadda baƙo zai zata. An buɗe Kwalejin Gordon a Khartum a 1902 domin samar wa gwamnatin Turawa akawuna da malamai da alƙalai, kuma a 1918 waɗanda suka fito daga makarantun suka kafa kulob ɗinsu a Omdurman, inda suke haɗuwa da yamma domin karatu da muhawara. Daga wannan zama, da kuma kiran da Ahmad Khair ya yi daga Wad Madani, aka kafa Babban Taron Hirrijin a watan Fabrairu na 1938, wanda Isma'il al-Azhari ya zama sakatarensa. A 1942 taron ya miƙa wa gwamnati takardar neman a bai wa Sudan 'yancin zaɓar makomarta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa suka yi watsi da ita, amma al-Azhari ɗin ne yake firaminista lokacin da aka ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1956. Abin da ya fi burge ni a aikin taron ba siyasarsa ba ce, tara kuɗin da ya riƙa yi domin gina makarantun al'umma ne, domin a nan ne aka kafa al'adar cewa mai ilimi yana ɗauke da bashin mutanensa.

Kakanninmu ba sa cikin wannan zaure. Wasunsu mahajjata ne da suka taso a ƙasa daga Kano da Katsina da Borno, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma. Wasu kuma sun biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, aka kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, hannun Bahaushe na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shuka da tsinka. Karatun gida kuwa allo ne da tawada, kuma iyaye da dama ba su yarda da makarantar Nasara ba. Ga kuma matsalar jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, domin dokar 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da zaman iyayensa a ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya toshe wa zuriyar masu hijira da yawa ƙofar makaranta mai zurfi da aikin gwamnati. A wannan zamanin ne kuma ake aika malamai daga Khartum su koyar a makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, ɗaliban Arewa irin su Abubakar Gumi suna zuwa makarantar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950, amma wannan hulɗa ta wuce ta saman kan manomin da yake zaune a Jazira.

Ƙofa ta fara buɗuwa da kafa Jami'ar Jazira a 1975, ta ƙara faɗi a shekarun 1990 lokacin da aka kafa jami'o'i a Kasala da Gadarif da Sinnar da Damazin, garuruwan da Hausawa suke da yawa. A harabar jami'a, ɗaliban kowane yanki suna da rabiɗa, ƙungiyar da take tarbar sabon ɗalibi a tasha, ta nema masa makwanci, ta ara masa littattafai. Waɗanda suka yi karatu a Khartum sun ƙara samun wata riba, domin Jami'ar Afirka, wadda ta zama jami'a a 1992, ta kawo ɗaruruwan ɗalibai daga Najeriya da Nijar, sai ga yaron Mai Wurno yana jin Hausar da kakarsa kaɗai take yi a bakin sa'ansa. Sai dai rabiɗa ta harabar makaranta ce. Ana karɓar takardar shaidar gama karatu dufa'a take watsewa, wani ya tafi hidimar ƙasa, wani ya nemi biza zuwa Jidda ko Riyad, 'yan mata su yi aure a wani gari.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin unguwa suka zo cikewa. Tamu takan zauna ranar Juma'ar farko ta wata bayan la'asar, a kan tabarma a ƙofar gidan wani dattijon malami da kowa yake kira Ustaz, jabanar gahawa mai citta tana zagayawa, ma'aji yana kiran suna ana miƙa kuɗin wata. Daga asusun nan ake biya wa maraya kuɗin rajista, a kai gudummawar biki da ta rasuwa, a shirya buɗa-baki na azumi. Aikin da ya fi kowanne albarka shi ne darasin kyauta da muke yi wa yara masu shirin jarrabawar gama sakandare, domin yaron da ya ga yayansa na unguwa ya zama likita ko injiniya ba ya buƙatar doguwar nasiha. Ba zan ɓoye rauninmu ba. Da aka buɗe zauren WhatsApp, masu zuwa taro suka ragu sosai, kowa yana ganin tura gaisuwar Juma'a ya wadatar, alhali zumunci a ƙafa yake. Mata kuma, waɗanda a wasu shekarun sun fi maza yawan gama jami'a a unguwar, mun daɗe muna karɓar kuɗinsu ba tare da ba su kujera a shugabanci ba, kuma wannan kuskure ne da ya rage mana ƙarfi.

Jarrabawa ta farko da ƙungiyar ta fuskanta ita ce rikicin jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, wanda ya sake tashi a Oktoba, ya kori dubban Hausawa daga gidajensu. Ma'aikatan lafiya da lauyoyin da suke cikin littafin su ne aka fara kira. Sannan yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutanen birnin suka kwararo mana, kafin wata takwas mu ma muka zama masu gudu. 'Yan'uwanmu da suke aiki a Saudiyya sun riƙa turo kuɗi ta manhajar banki mai suna Bankak ana sayen dawa da magani. Amma da layukan waya da intanet suka ɗauke a watan Fabrairu na 2024, zauren WhatsApp ya yi tsit, sai aka koma ga littafin nan, aka riƙa bin sunan ƙauye da na mahaifi ana aika saƙo ta bakin direbobi da 'yan kasuwa, har aka gano inda mafi yawanmu suka sauka.

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani daga hannun RSF a watan Janairu na 2025 mutane suke dawowa da kaɗan-kaɗan, kuma mun koma zama a kan tabarmar Ustaz, ko da yake da yawa suna Gadarif da Masar da Jidda, wasu ma sun bi tsohuwar hanyar kakanni sun koma Kano. A zaman da ya gabata an zaɓi mata biyu cikin kwamiti, an amince a kwafe littafin gida uku a ajiye a garuruwa daban-daban, kuma ma'aji ya karanta sunayen da har yanzu ba a ji ɗuriyar masu su ba, kowa ya ɗauki wanda ya san danginsa domin ya ci gaba da cigiya.